Yadda Ake Tsara Manhajar Kalangu a Kan Waya

Tun da aka kafa unguwar Sabo a Ibadan cikin 1916, fataken goro da dillalan shanu suka mai da ita mazauni, kalangu bai rabu da bukukuwanta ba, kasancewarsa kiɗan mahauta tun asali. A yau kuwa da samari suka koma haɗa kiɗa da piyanon Yamaha da manhajar FL Studio, sai ka ji kalangun na'ura ya fito bebe, alhali na hannun makaɗi magana yake yi. Asalin illar yana ga tsarin wurin taɓawa, kuma tana da magani.

Sharaɗi na farko shi ne ka zauna gaban makaɗi da ladabin almajiri, ka lura cewa hannu da gula bugu kawai suke yi, amma hammatar da ke matse tsarkiya tana sakinta ita ce ke ɗaga murya ta sauke ta, har amon ya bi karin sautin Hausa, na sama da na ƙasa da mai faɗuwa. Wanda ya saurari kalangun da ke bayan waƙoƙin Mamman Shata ya san haka. Daga nan sai ka ɗauki sautin a ɗaki marar hayaniya: tsarkiya a sake, a ɗan matse, a matse ƙwarai, kowanne da bugu mai taushi da matsakaici da mai ƙarfi, domin ƙa'idar MIDI ta na'urorin kiɗa, wadda aka fitar a 1983, tana auna ƙarfin bugu har daraja 127, kuma asara ce a ba ta sauti guda tak.

Sa'an nan ka raba fuskar waya biyu. Dama ta zama faffadan fili na bugu, wanda yatsa ba zai kuskure ba ko da ido yana kan jama'a. Hagu kuwa doguwar hanya ce da babban yatsa zai riƙa ja a madadin hammata. A nan ne hikimar take, domin ƴar ƙafar lanƙwasa murya da ke gefen piyano, idan aka sake ta, tsakiya take komawa, shi kuwa kalangu idan aka sassauta shi ƙasa yake sauka. Saboda haka wajibi ne kalangun manhajarka ya koma ƙasa da kansa. Ka kuma faɗaɗa iyakar lanƙwasar, don wadda na'urori ke zuwa da ita ta yi wa kalangu kaɗan, balle maƙwabtanmu Yarabawa masu gangan, waɗanda harshensu ke da karin sauti uku.

Jinkiri tsakanin taɓawa da fitar amo kada ya haura kashi goma cikin dubu na daƙiƙa. A guji Bluetooth, a sa waya. Maɓallai su zama kaɗan, sunayensu da boko da ajami.

Jarrabawa ta ƙarshe ita ce ka miƙa wa makaɗin wayar ba tare da bayani ba, ya kaɗa taken Sarkin Pawa, a kira wani dattijo da bai ga abin da ake yi ba a tambaye shi me kalangun ya ce. Idan ya kasa faɗa, to, Malam, ka koma kan aikinka.