Rabuwar Aure da Riƙon 'Ya'ya: Abin da Ya Kamata Hakimai da Malamansu Su Sani

Yawancin rigingimun aure a gaban hakimi ake fara kai su kafin su isa wurin alƙali. Aikin hakimi sulhu ne, yanke hukunci kuwa na alƙali ne. Amma sulhun da ya saɓa wa Shari'a ba ya ɗorewa, don haka lalle mai sulhu ya san ƙa'idodin nan.

Shari'ar aure tsakanin Musulmin Arewacin Nijeriya bisa mazhabar Malikiyya take, kamar yadda ta zo cikin Risala da Muhtasar na Halilu da Tuhfa. Da aka kafa dokar Final Kot a 1960, an bar aure da saki da gado a hannun Shari'a, aka kuma kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a. Auren rajista shi yana ƙarƙashin dokar 1970, Babbar Kotu ce ke raba shi.

1. Hanyoyin rabuwa

Hanya uku ce. Ta farko saki, wanda ke hannun miji. Ta biyu hul'i, watau matar ta fanshi kanta da dukiya, galibi sadakin da aka ba ta. Ta uku alƙali ya raba, idan ta tabbata miji ba ya ciyarwa, ko yana cutar da ita. Wadda aka raba saboda cuta ba ta mayar da kome.

2. Idda

Iddar mai haila tsarki uku ce, wadda ba ta haila wata uku, mai ciki sai ta haihu. In sakin ɗaya ne ko biyu, miji yana da ikon kome cikin idda, ci da sha da wurin kwana kuma suna kansa. Korar mace zuwa gidan iyayenta ranar da aka sake ta al'ada ce kawai.

3. Riƙon 'ya'ya

A nan aka fi kuskure. Mutane da yawa sun ɗauka da zarar an yaye yaro sai uba ya karɓe abinsa. A Malikiyya uwa ce ke da haƙƙin reno: namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. Idan uwar ta rasu, ko ta auri bare ta tare, haƙƙin ya koma ga mahaifiyarta, sa'an nan 'yar'uwarta. Ana bin dangin uwa kafin a zo kan uba. Sharaɗin mai riƙo shi ne hankali da amana da iya kula da yaro. Ci da tufa da magani suna kan uba ko a hannun wa yaron yake, shi ne kuma waliyyi mai lura da karatunsa.

4. Aikin malamin hakimi

Malami ya rubuta ranar saki, da ko na nawa ne, da sunayen shaidu, da shekarun kowane yaro, da abin da aka shirya a kan ciyarwa. Da ranar saki ake lissafin idda, shi ya sa rashinta ke jawo gardama in matar ta tashi sabon aure. Idan sulhu ya ƙi, a tura su ga alƙali da takarda, kada a bari a ɗauke yaro daga hannun uwarsa kafin alƙali ya ji maganar.