Duban Tsuntsaye a Kamarg: Darasi Kan Ƙirga Da Ajiye Lissafi

A kudancin ƙasar Faransa, inda kogin Ron ya ke shiga Bahar Rum, akwai wata ƙasa shimfiɗaɗɗiya wadda a ke kira Kamarg. Mutane su kan taso daga ƙasashe masu nisa su je can don duban tsuntsaye kurum. Wanda bai san al'amarin ba sai ya zaci wasa ne na waɗanda suka rasa abin yi. Amma wannan duban, da ya ke an haɗa shi da ƙirga da rubutu, shi ya hana wani babban tsuntsu ɓacewa daga ƙasar. An shirya wannan darasi domin hakimai da malamansu su ga yadda aka yi, su kuma ga inda abin ya shafi fadamun da ke ƙarƙashinsu.

Yadda Ƙasar Ta Ke

Kusa da birnin Arl kogin Ron ya rabu biyu, babba da ƙarami, kowane ya nufi teku. Ƙasar da ke tsakaninsu da gefensu ita ce Kamarg, faɗinta ya fi murabba'in mil 360. Babu dutse ko tudun kirki a cikinta. Tabkuna ne birjik, waɗansu na ruwan daɗi, waɗansu na ruwan zartsi, da fadamu waɗanda gishiri ya ke tsatstsafowa a kansu in rana ta yi zafi. Babban tabkin shi ne Vaccarès, mai faɗi ƙwarai, amma zurfinsa da ƙyar ya kai gaba guda.

Mutanen wurin suna kiwon fararen dawaki da baƙaƙen shanu, suna noman shinkafa, suna kuma yin gishiri. Yadda a ke gishirin kuwa, famfo ke jawo ruwan teku a zuba shi cikin manyan fangali marasa zurfi, rana da iska su ƙafar da shi, sa'an nan a kwashe gishirin wajen watan Satumba. A 1927 aka keɓe tsakiyar ƙasar, kimanin eka 32,000, aka mai da shi gandu inda ba a farauta. An ga tsuntsaye kusan iri 400 a Kamarg. A cikinsu har da zalɓe iri iri, da agwagin daji, da balbela, wadda ta soma sheƙa a can a ƙarshen shekarun 1960.

Tsuntsun Filamingo

Wanda ya fi jawo baƙi shi ne filamingo. Tsayinsa ƙafa 4 zuwa 5, wuyansa da ƙafafunsa dogaye ne sirara, jikinsa fari mai ratsin ja, fukafukansa ja wur da baƙi a gefe. Bakinsa a tanƙware ya ke. In zai ci abinci sai ya sunkuyar da kai, ya kife bakin cikin ruwa, ya riƙa tura ruwan da harshe yana tacewa kamar da rariya. Babban abincinsa a fangalin gishiri wani ƙanƙanin jatan lande ne wanda da ƙyar ya kai rabin inci. Daga irin wannan abinci ya ke samun jan launinsa.

Filamingo ba su sheƙa ɗai ɗai, sai dubbai wuri guda, a tsibirin da ruwa ya kewaye yadda yanyawa da karnuka ba su iya isa. Kowace mace ƙwai ɗaya ta ke yi a shekara, a kan wani ɗan tudun laka da su ke ginawa da baki. Namiji da mace su kan yi kwancin ƙwan bi da bi wajen kwana 29. Ɗan tsakon toka-toka ne, kuma sai ya yi kimanin wata biyu da rabi kafin ya tashi. Tun da haihuwarsu kaɗan ce haka, in aka yi shekaru ba su ƙyanƙyashe ba, garken ya kama hanyar ƙarewa ke nan.

Ka'idodin Duban Tsuntsaye

Kayan aikin mai duban tsuntsaye uku ne: madubin hangen nesa, da littafi mai hotunan tsuntsaye, da littafin rubutu. Na ukun ya fi sauran muhimmanci. Ya kan fita da sassafe ko da la'asar sakaliya, ya sa tufafi marasa haske, ya ba rana baya don ya ga launi sosai, ya zauna shiru. Abin da ya ke lura da shi shi ne girman tsuntsu, da siffar baki, da tsawon ƙafa, da launi, da kuka, da yadda ya ke tashi da cin abinci. Duk abin da ya gani nan take ya ke rubuta shi, ba ya bari sai ya koma gida, gama zuciya ta kan ƙara ta kan rage.

In garke ya yi yawa, sai ya ƙirga goma sosai ya ga yawan filin da suka ci, ya auna ɗari da wannan, sa'an nan ya bi garken ɗari ɗari. An fi so mutum biyu su ƙirga, kowa daban, a gwada lissafinsu. Babbar doka kuwa ita ce kada a matsa kusa da masu kwanci. In aka firgita filamingo suka tashi daga sheƙa, tsuntsayen teku masu cin ƙwai su kan faɗa wa ƙwan, wani lokaci ma garken duka ya watsar da wurin a wannan shekara.

Shekarun Da Aka Rasa Ƙwai

A 1954 wani masani mutumin Suwizalan, Luc Hoffmann, ya kafa tashar bincike a wani gandu da a ke kira Tour du Valat, aka shiga ƙirga tsuntsayen Kamarg kowace shekara. Daga 1964 zuwa 1968 lissafin ya nuna filamingo ba su hayayyafa a ƙasar ba ko kaɗan. Baƙon da ya zo a waɗannan shekaru ba zai lura da kome ba, don manyan suna nan suna kiwo a tabkuna, kuma tsuntsu ne mai tsawon rai. Littafin ne kaɗai ya nuna babu na baya masu tasowa.

Da aka bincika sai aka tarar tushen abin ya daɗe. Bayan babbar ambaliyar 1856 an yi wa kogin Ron ganuwa hagu da dama, an kuma tare teku. Garuruwa da gonaki suka huta, amma kogin ya daina kawo laka yana yin sababbin tsibirai, tsofaffin kuwa igiyar ruwa tana ta cinye su. Ga kuma damun mutane da na jiragen sama masu tashi ƙasa ƙasa.

Saboda haka a 1970 masanan suka shawarci kamfanin gishiri, aka gina tsibiri da hannu a cikin tabkin Fangassier. Tsuntsayen ba su kula shi ba da farko. Sai wani Bature ɗan Ingila mai aiki a tashar, Alan Johnson, da abokan aikinsa suka cika bokitai da laka suna kifewa, har suka yi ɗaruruwan tuddai masu kama da sheƙa. A 1974 filamingo suka sauka a tsibirin suka yi ƙwai. Aka sa masu gadi dare da rana a lokacin kwanci. Daga nan suka yi ta ƙaruwa, har ya zama a shekaru da yawa a kan ƙirga sheƙa fiye da 10,000.

Aikin Zobe

Sa wa tsuntsu zobe mai lamba a ƙafa dabara ce da wani malamin makaranta a Denmak, Mortensen, ya soma a 1899. A Kamarg an fara sa wa 'yan tsakin filamingo zoben roba a 1977. Wajen ƙarshen Yuli ko farkon Agusta, kafin su iya tashi, mutane masu yawa su kan shiga ruwa da asuba su kewaye su, su kora su cikin shinge sannu a hankali. A auna kowane, a sa masa zobe, a sake shi. Haruffan zoben manya ne, ana karanta su da madubi daga nesa ba sai an sake kama tsuntsun ba.

Ta haka aka san waɗansu su kan zauna Faransa duk shekara, waɗansu su ƙetare zuwa Sifen da Italiya da Tunisiya, waɗansu har Muritaniya da Senegal. An kuma ga waɗanda suka haura shekara 30 suna ƙwai. A Janairu 1985 aka yi matsanancin sanyi, tabkuna suka daskare, filamingo wajen 3,000 suka mutu cikin waɗanda suka zauna. Da ya ke akwai lissafin shekarun baya, an san iyakar hasarar, an kuma ga yadda garken ya farfaɗo.

Gyara Ba Ya Ƙarewa

Yawan tsuntsayen ya zo da nasa nauyi. Tun ƙarshen shekarun 1970 filamingo su kan shiga gonakin shinkafa da dare a Afrilu da Mayu, su ci irin da aka watsa, su tattake saura. Manoma suka kai kuka, kukansu kuwa na gaskiya ne. Da aka bi gonakin ɗaya ɗaya aka rubuta, sai aka ga sun fi faɗa wa manyan gonaki waɗanda aka sare itatuwan gefensu. Aka shawarci manoma su mai da shingen itatuwa, a kuma riƙa korar tsuntsayen da ƙara da fitilu a makonnin shuka.

Har wa yau, a 2007 ma'aikatan gishiri suka yi yajin aiki, ba a zuba ruwa a Fangassier kan kari ba, filamingo ba su yi ƙwai a can ba a wannan shekara. Bayan haka kamfanin ya sayar wa hukuma wannan sashe, tafiyar ruwan ta sake, daga baya garken ya koma yin sheƙa a fangalin gishiri na Aigues-Mortes, yamma da ƙaramin kogin. Watau zaman tsuntsun ruwa yana hannun wanda ke riƙe da ruwan.

Inda Abin Ya Shafi Ƙasar Hausa

Da yawa daga tsuntsayen da a ke gani a Kamarg baƙi ne masu wucewa. In sanyi ya gabato a Turai, wajen Satumba da Oktoba, irin su jan zalɓe da wata ƙaramar agwagwar daji su kan ƙetare Bahar Rum da Sahara, su yi rani a fadamun kogin Senegal, da na Kwara a Mali, da Tabkin Chadi, da fadamun Haɗeja da Nguru. A 1969 masu ƙirga a Ingila suka tarar wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro ya ragu da kusan kashi uku cikin huɗu a shekara guda. Da aka bi sawu, sai aka danganta abin da farin da ya soma a ƙasashen bakin Sahara a 1968.

Saboda irin wannan ne ƙasashe suka ƙulla yarjejeniyar kiyaye fadamu a garin Ramsar na Iran a 1971. Kamarg ta shiga jerin a 1986, tabkin Nguru da mashigin Marma kuwa a 2000. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974 ambaliyar da ke cika fadamun Haɗeja ta ragu, kachalla kuma ta toshe hanyoyin ruwa da yawa. Fadamar da tsuntsu ya ƙaurace wa, ita ce wadda masunci da makiyayi da mai noman rani za su rasa. Duban tsuntsaye kuma ba baƙon abu ba ne ga talakawa, gama kowane manomi ya san zuwan shamuwa alamar damina ce. Abin da ya rage shi ne rubutawa.

Abin Da Hakimi Da Malaminsa Za Su Iya Yi

1. A keɓe littafi guda don fadamun gunduma. Kowane shafi a raba shi gida shida: rana, wuri, irin tsuntsu, adadi, yawan ruwa, da sunan mai ƙirga.

2. A tsai da wuri ɗaya da lokaci ɗaya kowace shekara. Tsakiyar Janairu ya fi, don a lokacin ne a ke ƙirgar tsuntsayen ruwa a ƙasashe da yawa tun 1967.

3. In an je ba a ga kome ba, a rubuta babu. Shafukan 1964 zuwa 1968 da ba su da ɗan tsako ko ɗaya su suka sa aka gina tsibirin Fangassier.

4. Kada malami ya ƙara adadi don ya faranta wa na gaba rai. Lissafin da aka yi wa kwaskwarima ya fi rashin lissafi ɓarna, domin a kansa za a yanke shawara.

5. A nemi sarkin ruwa da masunta da maharba da makiyaya, a rubuta sunayen da su ke kiran dinya da kirinjijiya da gauraka da kwasakwasa da sauransu, da abin da dattawa suka sani na yawansu a da.

6. Wanda ya tsinci tsuntsu da zobe a ƙafa ya kawo wa dagaci ba tare da tsoro ba. Malami ya kwafe lambar da adireshin da ke jiki harafi harafi, da rana da wurin da aka same shi, a aika wa ma'aikatar gandun daji. Kada a kashe tsuntsu don zobensa, ba shi da wani kuɗi.

7. In tsuntsaye suna ɓarna a gonaki, kamar yadda jan baki ke yi wa gero da shinkafa, a rubuta gonakin da lokacin da inda su ke kwana, a sanar da malamin gona.

Tambayoyi

1. Me ya sa baƙo ba zai gane filamingo suna raguwa a 1966 ba?
2. Wace hasara ganuwar kogin Ron ta jawo, wane amfani kuma ta yi?
3. Don me a ke so a rubuta babu a littafi?
4. Waɗanne fadamu ne a gundumar mai karatu suka cancanci a buɗe musu shafi, wa kuma ke riƙe da ruwansu?