Darasin Ƙungiya: Dabbobi Masu Shayarwa

'Yan'uwa manoma, Littafin Farawa ya koya mana cewa Allah ya danƙa dabbobi a hannun mutum domin ya lura da su. Amma ba mai iya lura da abin da bai sani ba. Saboda haka darasinmu na wannan wata a kan dabbobi masu shayarwa ne, watau waɗanda uwa take ba 'ya'yanta nono. Irinsu a duniya ya fi 6,000, mu 'yan Adam ma muna cikinsu.

Yadda za mu gane su

Na fari, uwa tana da nono. Na biyu, suna da gashi, ko mai yawa ko kaɗan. Na uku, jikinsu da ɗumi kullum, ko da rani ko da hunturu. Na huɗu, da huhu suke numfashi. Don haka jemage ba tsuntsu ba ne, gama yana da gashi, yana haihuwa, yana shayarwa. Haka kuma ayu na kogin Binuwai ba kifi ba ne, dole ya taso ya shaƙi iska.

Manyan kashi uku

Kashi na fari suna yin ƙwai, amma in sun ƙyanƙyashe sai su shayar. Kaɗan ne ƙwarai, a Ostareliya da tsibirin Sabuwar Gini suke. Kashi na biyu suna haifar ɗa tun bai ƙosa ba, sai ya ƙarasa girma cikin wata jaka a cikin uwar, kamar kangaru. Kashi na uku, ɗa yana ƙosawa a ciki, yana samun abinci ta cibiya. Dukan masu shayarwa na ƙasarmu a nan suke.

Kwanakin cikinsu ba ɗaya ba ne. Saniya wajen wata 9, akuya da tunkiya wata 5, alade kwana 114, zomo wajen kwana 31, jaka kuwa shekara guda. Mu riƙa rubuta ranar barbara, domin haihuwa kada ta same mu ba shiri.

Haƙora da ciki

Masu tuƙa, watau shanu da awaki da tumaki, cikinsu ɗaki huɗu ne. A cikin tumbi akwai ƙananan halittu masu narkar da ciyawa da harawa da kara. Shi ya sa saniya take rayuwa da abin da alade ba zai ƙoshi da shi ba, gama cikin alade ɗaya ne kamar namu, sai an ba shi dusa da abinci mai gina jiki. In dabba ta daina tuƙa, ba ta da lafiya, a nemi malamin dabbobi. Mu kuma tsince leda daga inda suke kiwo, domin tumbi ba ya narkar da ita.

Masu tuƙa ba su da haƙoran gaba a sama. Na ƙasa ne suke faɗa mana shekaru. Tunkiya mai manyan haƙora biyu ta haura shekara ɗaya, sa mai biyu kuwa ya kai wajen shekara 2. Wanda ya buɗe bakin dabba a kasuwa, dillali ba ya cutarsa.

Masu cin nama su ne kare da kyanwa da kura da zaki. Masu gaigaya kuma su ne ɓera da gafiya da kurege. Haƙoransu na gaba ba sa daina tsiro, don haka ba sa daina ɓarna. Ɓera tana haihuwa bayan mako 3 kawai, shi ya sa biyu a rumbu sukan zama runduna kafin damina.

Abubuwa biyu da kada mu manta

Na ɗaya, dakashi. Waɗansu suna tatse shi su zubar, wai ƙazanta ne. Wannan kuskure ne babba. A cikinsa ne ɗan maraƙi yake samun kariya daga cututtuka, hanjinsa kuwa a ranar farko kaɗai yake iya karɓarta. A tabbata ya sha cikin sa'a 6 na fari. Jaririn mutum ma kada a hana shi.

Na biyu, da yake jikinsu ya yi kama da namu, cutarsu takan kama mu. Haukan kare yana kama kowane mai shayarwa. A yi wa karnuka allura, wanda aka ciza kuma a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa, a kai shi asibiti ran nan. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a garin Lassa a 1969, ɓera ne yake yaɗa shi ta fitsari da kashi. Mu rufe abinci, kada mu shanya hatsi a ƙasa. Madara kuma a tafasa ta kafin a sha, saboda tarin fuka.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Me ya sa jemage ba tsuntsu ba ne?
2. A ƙauyenmu, me ake yi da dakashi?
3. Karnuka nawa ne a unguwarmu ba a yi musu allura ba, wa za mu aika ya kira malamin dabbobi?

Sakatare ya rubuta abin da aka shirya, a karanta shi a taro mai zuwa. Ubangiji ya sa albarka a garkenmu.