Tambaya da Amsa: Ɗana Ya Nace wa Finafinan Barkwancin 'Yan Chaina

TAMBAYA: Ɗana mai shekara 14 ya kamu da kallon wasu finafinan barkwanci na 'yan Chaina. Kullum sai in ji shi yana ƙyaƙyata dariya shi kaɗai. Da na leƙa ban ga komai ba sai shirme: wannan ya mari wancan, wani ya buga ƙwallo ta kama da wuta. Yanzu har ƙannensa yake gwada wa naushi. Ina tsoron kada su ɓata masa tarbiyya. Shin in hana shi ne baki ɗaya? Daga Binta, Funtuwa.

AMSA: Malama Binta, Allah Ya shirya mana zuri'a. Idan na fahimce ki, damuwarki biyu ce: kada shirme ya cika wa yaro kai, kuma kada dukan da yake gani ya zame masa ɗabi'a. Duka biyun abin dubawa ne, kuma kin kyauta da kika leƙa da idonki kafin ki yanke hukunci. Amma ki kwantar da hankalinki. Yaron da ke dariya da irin waɗannan finafinai bai lalace ba.

Daga yadda kika kwatanta ƙwallon nan mai ci da wuta, ina kyautata zaton fim ɗin Shaolin Soccer ne, wanda Stephen Chow ya yi a 2001. Irin waɗannan finafinai daga Hong Kong suka fito, kuma da harshen Kantonis ake yinsu, wato harshen mutanen birnin da na lardin Guangdong da ke kudancin Chaina. A farkon shekarun 1970 finafinan harshen Mandarin sun mamaye kasuwa har na Kantonis suka kusa mutuwa. Wanda ya farfaɗo da su fim ne na barkwanci, The House of 72 Tenants, a 1973: labarin 'yan haya da aka cunkushe a gida ɗaya, ga azzalumar mai gida, ga ɗan sanda maciyin hanci, ga 'yan kwana-kwana da ba sa sakin ruwa sai an ba su kuɗi. Talakawa suka yi tururuwa zuwa silima domin rayuwarsu suka gani. A shekarar da ta biyo baya, 1974, gwamnatin Hong Kong ta kafa hukumar yaƙi da cin hanci, don abin ya riga ya kai wa jama'a iya wuya.

Daga nan Michael Hui da ƙannensa Sam da Ricky suka karɓa. A fim ɗinsu The Private Eyes na 1976, maigida marowaci ne wanda duk abin da yaransa suka ɓata sai ya lissafa ya zaftare a albashinsu. Duk wanda ya taɓa yi wa marowaci aiki ya san dalilin da ya sa mutane suka yi ta dariya. Stephen Chow ya gaji wannan hanya a shekarun 1990, ya ƙara mata gishiri. Kusan abin da marigayi Ibro yake yi ke nan a nan gida: ya fito a wawa, a yi ta dariya, alhali shi kuwa masu ƙarfi yake yi wa shaguɓe.

To dubi abin da ke ƙarƙashin shirmen. Jarumin Shaolin Soccer ɗan bola-jari ne, takalminsa duk ya yage. 'Yan'uwansa da suka koyi kokawar Shaolin tare rayuwa ta watsar da su: wani wanke-wanke yake a gidan abinci, wani yana jera kaya a kanti, wani ba shi da aikin yi. Kocinsu gurgu ne da aka wulaƙanta shekara da shekaru. Su ne suka haɗa kai suka doke ƙungiyar attajirin da ke ɗirka wa 'yan wasansa ƙwayoyi. A Kung Fu Hustle na 2004 kuma, waɗanda suka fara tsaya wa unguwar talakawa gaban 'yan daba masu gatari su ne ɗan dako da tela da mai toye-toye, waɗanda ba wanda ya ɗauke su a bakin komai. Darasin dai ɗaya ne: kada ka raina mutum don rigarsa. Wannan kuwa ba baƙon darasi ba ne a gidan Bahaushe.

Duk da haka, 'yar'uwa, ba zan ce miki kowane ya dace da yaro ba. Kung Fu Hustle da kisa ya buɗe, kuma akwai sara da gatari a ciki. All for the Winner na 1990 a kan caca aka gina shi. Da dama daga cikin na shekarun 1990 suna da barkwancin batsa. Wani lokaci ma masu fassara zuwa Hausa kan ƙara nasu kalaman da babu su a asali. Saboda haka zaɓe ake yi.

Ga shawarata. Na farko, kada ki hana shi baki ɗaya, domin zai koma kallo a wayar abokai inda idonki bai kai ba. Ki ce ya kawo fim ɗin ku kalla tare a falo, ko ki sa mahaifinsa ko kawunsa ya fara dubawa. Wanda aka ga bai dace ba a ajiye, a gaya masa dalili.

Na biyu, bayan kallo ki tambaye shi: wa aka zalunta a labarin? Me ya sa suka yi nasara? Amsarsa za ta nuna miki abin da yake kwasa, ko dukan ne ko darasin.

Na uku, batun naushin ƙanne kam a tsawatar yau, ba sai gobe ba. Ki fahimtar da shi cewa tsallen nan da igiya ake ɗaga mutum, wutar kuma aikin kwamfuta ce. Masu yi da jikinsu ma sun sha wuya: Jackie Chan, duk da horon da ya sha tun yana ƙarami, ya faɗo daga bishiya wajen ɗaukar fim ɗin Armour of God, ƙoƙon kansa ya tsage har aka yi masa tiyata. Idan ƙarfi ne ke damun yaron, a sa shi ƙwallo ko wani wasan motsa jiki a hannun mai koyarwa.

Na huɗu, a yanka masa lokaci. Ba kallo sai an yi sallah, an dawo daga Islamiyya, an gama aikin makaranta, kuma waya ba ta kwana a ɗakinsa.

A taƙaice, Malama Binta, ki bar shi ya yi dariyarsa, amma ke za ki zaɓi fim ɗin, ke za ki sa lokacin. Idan bayan 'yan makonni dukan ƙannen bai ragu ba, to matsalar ta wuce fim, sai ki sake rubuto mana mu duba tare. Allah Ya raya miki su bisa tarbiyya.