Darasi Kan Ciwon Sukari: Yadda Za A Sa Ma'aunin Liƙawa Ya Cika Kwanakinsa

Jama'a, ciwon sukari ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Ƙididdigar da Tarayyar Ƙungiyoyin Ciwon Sukari ta Duniya ta fitar a 2021 ta nuna manya kimanin miliyan 3.6 ne ke da shi a Nijeriya. Mai wannan ciwo kuwa, musamman wanda ke yin allurar insulin, tilas ne ya riƙa sanin yawan sukarin da ke cikin jininsa. A da sai an huda yatsa an ɗiga jini a kan 'yar takardar gwaji. Yanzu akwai wani ɗan ma'auni da ake liƙawa a jiki, yana aunawa dare da rana, kuma ana ganinsa a hannun mutane a Abuja da sauran manyan garuruwa.

Daga ƙasashen waje ake shigo da shi, don haka tun da darajar naira ta faɗi a 2023 kuɗinsa ya yi tsada ƙwarai. Shi ya sa masu amfani da shi ke tambaya, ko akwai dabarar da za a yi ya daɗe? Amsar kashi biyu ce. Kula da shi har ya cika kwanakin da aka yanka masa abu ne mai kyau. Tilasta masa ya wuce kwanakin nan kuwa kasada ce da rai.

Yadda Yake Aiki

Ma'aunin yana da sassa uku. Na farko shi ne sensa, watau ɗan faifan da ake liƙawa a bayan damtse ko a ciki. A ƙarƙashinsa akwai wani siririn zare da ke shiga ƙarƙashin fata, an shafe shi da wani sinadari wanda ke ba da 'yar wutar lantarki duk lokacin da ya gamu da sukari. Na biyu shi ne tiransimita, wanda a nan za mu kira shi ɗan aike, domin shi ke kai labari. Na uku shi ne wayar hannu ko 'yar na'urar karantawa, inda lamba take bayyana.

A lura, zaren nan ba jini yake aunawa ba. Ruwan da ke tsakanin ƙwayoyin naman jiki yake aunawa, don haka lambarsa takan yi jinkirin minti 5 zuwa 15 a bayan ta jini, musamman in sukari yana hawa ko yana sauka da sauri.

Kowane iri da kwanakinsa. A 1999 aka fara amincewa da irin wannan ma'auni a Amurka, kwana uku kawai ake sa shi. FreeStyle Libre, wanda ya fito a Turai a 2014, yana yin kwana 14, kuma ɗan aikensa yana haɗe a cikin faifan. Dexcom G6 na 2018 kwana 10 ne, ɗan aikensa dabam yake, yana yin kimanin wata uku. Guardian na kamfanin Medtronic kwana 7 ne, ana kuma yi wa ɗan aikensa caji. Sababbin ire-ire sun kai kwana 15. Akwai ma Eversense wanda likita ke dasawa a ƙarƙashin fata, a 2024 aka amince da irinsa mai shekara guda a Amurka.

Lissafin Asara

Mai amfani da na kwana 14 yana bukatar guda 26 a shekara. In kuwa kowane ɗaya yana ɓamɓarewa a kwana na 10, sai ya bukaci kimanin 37. Ka ga an yi asarar fiye da guda goma ke nan, ba don an yi wani amfani da su ba. Saboda haka babban tattali yana wajen hana ma'auni lalacewa tun kwanansa bai ƙare ba.

Tun Daga Wajen Saye

Ka saya a kantin magani mai rajista. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ke da alhakin sa ido kan magunguna da kayan aikin asibiti, kuma hedkwatarta tana nan Abuja. Duba ranar ƙarewa a jikin kwali, kada ka sayi fiye da abin da za ka iya amfani da shi kafin ranar. Ka tabbata hatimin bai ɓalle ba. In wani zai sayo maka daga waje, ku fara bincikawa, gama ba kowane sensa ne ke aiki da na'urar karantawa ta wata ƙasa ba. Kafin ka biya, tambayi mai sayarwa ko zai musanya wanda ya lalace tun kwanansa bai cika ba. Ka adana rasit da kwalin, domin lambar da ke jiki ita za a nema.

Wajen Ajiya

Zafi shi ne babban maƙiyin sinadarin da ke jikin zaren. Gwargwadon iri, ana so a ajiye sensa a inda sanyi bai gaza digiri 2 zuwa 4 ba, zafi kuma bai wuce digiri 25 zuwa 30 ba a ma'aunin Salshiyas. Ainihin adadin yana rubuce a kwali. A Abuja kuwa, a watannin Maris da Afrilu, zafin rana yakan wuce digiri 35. Kada a bar kwali cikin mota a rana, ko a bakin taga, ko kusa da janareto ko murhu. A nemi ɗaki mafi sanyi, wuri busasshe. Ana iya sa shi a firiji, amma ban da ɓangaren ƙanƙara. In an fito da shi a bari ya huce sanyi kafin a liƙa.

Wajen Liƙawa

A nan akasarin asara take faruwa. Ga matakan da za a bi:

1. Zaɓi wurin da takardar kamfani ta ambata. Ka guji tabo, da ƙurji, da inda ɗamara ko hannun riga ke guga, da inda ka yi allurar insulin kwanan nan.
2. Wanke wurin da sabulu marar maiƙo. Kada ka shafa man kaɗanya ko basilin ko wani mai a wurin, gama danƙo ba ya kama fata mai maiƙo. A kiyaye wannan sosai da hunturu, lokacin da kowa ke yawan shafa mai.
3. In akwai gashi a rage shi. A goge da sifirit, a jira ya bushe sarai.
4. Kada ka liƙa kana gumi. Da dare ko da sassafe ya fi, bayan jiki ya huce.
5. Bayan ka liƙa, bi gefen filastar da yatsa ka danna ta zauna. Ka ɗan jinkirta wanka da aikin ƙarfi.
6. Kowane sabo a sauya masa wuri, don fata ta huta.

Kwanakin Da Yake Jiki

Da damina da bazara gumi yana sassauta danƙo. In gefe ya soma ɗagawa, a ƙara filastar asibiti a kewaye, amma kada a toshe ɗan ramin da ke tsakiyar Libre. Wajen wanka kada soso ya bi ta kansa, a kuma tsane shi da tawul a hankali. Libre yana jure ruwa mai zurfin mita 1 na minti 30 kawai. Ka yi hankali wajen tuɓe riga, da shiga ƙofa, da cunkoson motar haya irin na safiya a hanyar Nyanya ko Kubwa. Uwa mai goyo ta kula da hannun yaro.

Kwanciya a kan sensa takan sa ya nuna sukari ya faɗi alhali bai faɗi ba. Kada ka cire shi don wannan. Juya, ka jira kaɗan, ka tabbatar da gwajin yatsa. Mai amfani da Libre na farko ya riƙa kara na'urar karantawa aƙalla kowace awa 8, gama abin da faifan ke iya riƙewa ke nan. In an sa maka ranar ɗaukar hoton MRI, ka faɗa wa likita tun da wuri, domin ire-ire da yawa sai an cire su, wanda aka cire kuwa ba ya komawa.

Akwai kuma magungunan da ke ruɗa ma'auni. Bitamin C mai yawa yana sa wasu ire-iren Libre su nuna lamba sama da gaskiya. Maganin hydroxyurea, wanda ake ba masu ciwon sikila, yana yi wa Dexcom da Guardian haka. Ka nuna wa likita duk maganin da kake sha.

Kula Da Ɗan Aike

In naka mai ɗan aike dabam ne, kada ka jefar da shi tare da tsohon sensa. Ɓalle shi a hankali, ka goge bayansa da sifirit, ka bari ya bushe. Mai caji a yi masa caji kamar yadda aka tsara. Marar caji kuwa batirinsa yana raguwa ko yana ajiye, don haka kada a tara da yawa. Wasu sukan fasa shi su sauya batir. Wannan yana lalata rufin da ke hana ruwa da gumi shiga, sai ya riƙa yankewa, wataƙila ma da tsakar dare lokacin da aka fi bukatar ƙararrawarsa.

Haɗarin Wuce Kwanaki

A intanet akwai masu koya yadda za a yaudari na'ura ta ɗauki tsohon sensa a matsayin sabo. Kada a bi su. Jiki yana ɗaukar zaren nan baƙo ne, kullum yana ƙara lulluɓe shi, sinadarin kuma yana raunana. An daidaita lissafin ma'aunin ne a kan kwanakin da aka gwada shi. Bayan nan zai iya ci gaba da ba da lamba, amma babu mai lamunin gaskiyarta. Ga kuma ƙaiƙayi da ƙurji a fatar da ta daɗe a rufe, alhali miki ba ya saurin warkewa a jikin mai sukari.

In ya nuna sukari ya hau alhali bai hau ba, mutum zai ƙara insulin, sukari ya faɗi, ya suma, wataƙila yana kan tuƙi. In ya nuna lafiya lau alhali sukari ya yi sama, ɓarna tana tafiya a ɓoye. Garin neman ƙiba a samo rama ke nan. Haɗarin ya fi tsanani ga yara, da masu juna biyu, da masu azumi, da wanda ma'auninsa ke haɗe da famfon insulin.

In Kuɗi Sun Gaza

Ba tilas ne kowa ya sa ma'aunin liƙawa duk shekara ba. Ka je ka yi shawara da likitanka, ko a Asibitin Ƙasa na Abuja, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada, ko asibitin gwamnati mafi kusa. Yana iya tsara maka ka sa guda ɗaya lokaci-lokaci, misali sa'ad da aka sauya magani, sauran kwanaki ka koma gwajin yatsa. Ko kana sanye da shi, kada gidanka ya rabu da ma'aunin yatsa. Duk lokacin da lamba ta saɓa da abin da jikinka ke ji, yatsa ne alƙali.

In sukari ya sauka ƙasa da 70 mg/dL, watau 3.9 mmol/L, ko ka ji makyarkyata da gumi da jiri, sha ƙaramin cokali uku ko huɗu na sukari ko zuma, ka sake gwadawa bayan minti 15. Wanda ya suma kuwa kada a ɗura masa kome a baki, a garzaya da shi asibiti.

Tambayoyi

1. Me ya sa lambar ma'aunin liƙawa takan yi jinkiri a bayan ta jini?
2. Faɗi wurare uku da bai kamata a ajiye sensa ba.
3. Wane magani na masu sikila ne ke ruɗa wasu ma'aunai?
4. Mene ne haɗarin amfani da sensa bayan kwanakinsa sun ƙare?

Wanda ya karanta wannan darasi ya karanta wa wanda bai iya ba, musamman iyayen yara masu ciwon sukari. Allah ya ƙara mana lafiya, amin.