Kafin Ki Miƙa Wa Mai Gyaran Farce Hannunki

Ana gobe kamu aka kawo mini wata amarya shago, gwaggonta ce ta rako ta. Kunshi suka zo yi. Da na ce ta miƙo hannu sai ta dunƙule yatsu, ta sunkuyar da kai. Da kyar ta buɗe. Faratan nan goma duk sun yi fari-fari, sun yi sirara kamar ɓawon albasa, biyu sun tsage har cikin nama. Ashe mako biyu kafin nan an liƙa mata dogon farce a wani shago saboda hotunan biki, lokacin tana fashin salla. Ranar da ta sami tsarki dare ya yi, shagon a rufe, ga wanka ya wajaba. Sai ta zauna ta ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya, da haƙori da bakin cokali.

Ta ce, "Anti, babu abin da za ki shafa mini ya gyaru kafin jibi?"

Na ce mata babu, 'yata. Farcen hannu milimita 3 ko ɗoriya kaɗan yake tsirowa a wata. Kafin wanda ya lalace ya ture ya fita gaba ɗaya, sai an ɗauki wata 4 zuwa 6.

Tun daga ranar, duk wadda ta zauna a gabana ta fara nuna mini hoto a waya, kafin maganar launi ko kuɗi sai na tambaye ta: yaushe za ki cire shi, kuma da me za ki cire? A aikinmu, yawancin ɓarnar da nake gani a wurin cirewa ake yin ta.

Mafi yawan matan da ke zuwa wurina gajeren farce gare su, kuma suna shigowa da ba da haƙuri kamar sun yi laifi. "Anti, nawa ba ya tsawo." To, ina zai yi tsawo? Hannu ne da ke wanki da wanke-wanke, ya tuƙa tuwo, ya yi wa yaro wanka, ya shiga ruwan alwala sau biyar a rana. Addini ma bai so a bar farce ya haura kwana 40 ba a yanke shi ba. Gajeren farce mai lafiya ya fi mini sauƙin ƙawatawa a kan dogon da ya sha gam.

Abin da na fi ba irin wannan hannu shawara shi ne gyara zalla. A goge bakin farcen a hankali ta gefe guda, kada a yi ta kai da komo kamar ana zarto, domin hakan ne ke sa shi rabewa. A zagaye kusurwoyin kaɗan, don kusurwa mai kaifi ita ce ke maƙalewa a zane ta karye. A tura fatar gindin farce baya bayan ta jiƙa, a ɗan goge saman ya yi sheƙi, a bi da man kaɗanya ko man zaitun. Minti 20 an gama, kuma ki yi alwalarki babu shakka a rai. Da hunturu, lokacin da farce ke bushewa yana tsagewa, man nan kullum da dare ya fi duk wani abu da zan sayar miki.

Idan launi kike so mai daɗewa, jan lalle na gargajiya ne gwanin gajeren farce. Rina farcen yake yi, ba ya kafa wani ɓawo a sama, shi ya sa ruwa ke isa. Sai dai ki sani a kan farce ba ya goguwa kamar a fata. Yana nan har sai sabon farce ya turo shi, za ki ga farin jinjirin wata a gindi bayan 'yan makonni. Wasu na son hakan, wasu kuma yana ba su haushi. Baƙin lallen da ake haɗawa da dayis kuwa ba na bari ya kusanci gefen farce. Akwai sinadarin PPD a cikinsa, na rina gashi ne, kuma na sha ganin ya tayar wa mutane da ƙuraje masu ruwa a yatsu.

Jan farce na kwalba kwanaki kaɗan yake yi kafin ya fara ɓallewa a hannun mai aiki, amma cire shi minti biyu ne da auduga a gida. Ga mai son ado na kwanakin da ba ta salla, wannan ya wadatar, in dai ta sayi ruwan gogewa tare da shi. Ana kawo mini jan farcen da aka rubuta a jikin kwalbarsa wai ruwa na ratsa shi. Ni dai ba zan ɗauki nauyin sallar kowa a kan rubutun kwalba ba, ki tambayi malaminki.

Jel, wanda ake busarwa a cikin fitila mai shuɗin haske, yana yin mako 2 zuwa 3, kuma yana yi wa gajeren farce kyau sosai, ba zan ɓoye ba. Amma ba ya fita sai an jiƙa shi a asiton na minti 10 zuwa 15. In an ɓamɓare shi da ƙarfi, tare da saman farcen yake tafiya. Ga kuma matsalar da ba a cika faɗa ba: idan ɗanyen jel yana taɓa fata, ko fitilar ba ta busar da shi sosai ba, jiki na iya ƙin sinadaran da ke cikinsa. Yatsu su yi ƙaiƙayi, su kumbura, farce ya rabu da nama. Ƙungiyar likitocin fata ta Birtaniya ta yi gargaɗi a kan haka a 2018. In jiki ya ƙi su, ya ƙi ke nan har abada, kuma dangin sinadaran nan ne ake amfani da su wajen cike haƙori. A gajeren farce fata na kusa ta kowane gefe, don haka ki sa ido a kan burushin mai shafa miki.

Akirilik, wato ƙarin farce na hoda da ruwa, shi ne na fi hana masu gajeren farce. Sai an kankare saman farcen kafin ya kama. Sannan ɗan ƙaramin farce ne ke ɗauke da dogon abu, ƙofar mota ko bakin bokiti ya taɓa shi sai ya fizgo na ainihin. In gefe ya ɗaga, ruwa ya shige ya kwanta, ƙwayoyin cuta su mai da farcen kore. Wasu masu araha kuma da MMA ake haɗa su, sinadarin da hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta ɗauki mataki a kansa tun shekarun 1970. Za ki gane shi da wari mai hawa kai, da taurin da ko asiton ba ya narkar da shi da wuri.

Ko me kika zaɓa, kada ki yarda a yanke miki fatar gindin farce. Ita ce murfin da ke hana datti shiga, in an cire ta kumburi da mugunya ke biyo baya. Ki kuma dubi almakashi da abin yankan. Ƙwayar cutar hanta nau'in B tana iya rayuwa aƙalla kwana 7 a busasshen jini a jikin ƙarfe, kuma goge shi da tsumma ba ya kashe ta. Wannan ya shafi mazanmu da ke miƙa ƙafa ga masu yankan farce a bakin kasuwa.

'Yar'uwa, ki sayi naki kayan yankan farcen, ki riƙa zuwa da su a jaka. Mai gyaran da ta san aikinta ba za ta ji haushi ba. Wadda ta ɓata rai don kin tambayi yadda take tsabtace kayanta, ki ɗauki mayafinki ki nemi wani shagon.