DARASI: Kafin ka haƙa kandami ko ka gina ɗakin kaji, auna wurin tukuna

Tambayar da aka fi yi mini ita ce "da nawa zan fara?" Ba kasafai ake tambayata "wurin nan zai iya da ni kuwa?" ba, alhali ita ce ta farko.

Ni kaina a nan na faɗi. Na haƙa kandamin ƙasa a bakin fadama a yankin Kebbe, ina murna ruwa kusa, babu kuɗin mai. Wata huɗu ina ciyar da tarwaɗa. Cikin Agusta aka kwana ana ruwa, gulbi ya yi toroƙo, da safe na tarar kandamina da fadama sun zama abu ɗaya. Kifi ya bi ruwa. Wani maƙwabci da ya sa tankin siminti a kan tudu, ko ɗaya bai rasa ba. Ruwan da ya sauka a kansa shi ya sauka a kaina, amma ni kaɗai na yi asara. Abin da ya bambanta mu shi ne darasin yau.

Masu nazarin sauyin yanayi suna auna raunin gari ko gona da tambayoyi uku. Mu ma za mu iya, da biro da takarda.

1. ME KE IYA ISO WURINKA?

A ƙasar Tambuwal da Kebbe abu uku ne. Ambaliya, musamman Agusta da Satumba, ga waɗanda ke kusa da Gulbin Zamfara da fadamunsa. Zafin bazara daga Maris zuwa Mayu, wanda kan haura digiri 40. Sai sanyi da ƙurar hunturu.

Kada ka duba fili da rani ka ce ya yi. Je wajen dattawan unguwa da masunta, ka ce su nuna maka inda ruwa ya tsaya a shekarun babbar ambaliya irin 2010 da 2020 da 2022. Duba tabon ruwa a jikin katanga da gindin itatuwa. Rijiya kuwa a Afrilu ko Mayu ake gwada ta, domin a Oktoba kowace rijiya cike take. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, NIHSA kuma tana fitar da na ambaliya. Ka neme su ko ta rediyo ne.

2. IN YA ISO, YAYA ABIN KIWONKA ZAI JI?

Kaza ba ta gumi, haki take yi. Da zafi ya wuce digiri 30 sai ta rage ci, masu ƙwai su rage yi, ɓawon ƙwai ya yi laushi. Buroila mai nauyi a ɗakin kwano maras iska, ita ce ta fara mutuwa. Kajin gida sun fi juriyar zafi, amma su ne cutar Newcastle ta fi kwashewa da hunturu in ba a yi musu rigakafi ba.

Kifi kuma, ruwa in ya ɗumama iskar da ke cikinsa raguwa take. Tarwaɗa tana iya tasowa ta shaƙi iska a sama, shi ya sa ta fi karfasa jurewa. Amma da sanyin hunturu tana rage cin abinci, 'ya'yan kifi kuma su yi ta mutuwa.

Ka duba lafiyar muhallin shi ma. In an sare itatuwan bakin tafki, yashi na gangarowa yana cike shi, ruwan da a da ke kai bazara yanzu ya ƙafe da wuri. In masunta sun ce maka kamun yana raguwa, kifin kuma ƙanana, wannan ruwan ya fara gajiya. In gonakin shinkafa ne sama da kai, maganin feshi zai iya biyo ruwa har kandaminka.

3. IN AN YI ƁARNA, DA ME ZA KA TASHI?

Nan ne mafi yawanmu muka fi rauni. Ruwanka hanya ɗaya ce ko biyu? In wuta ta ɗauke, akwai sola ko janareto? Hanyar garinku mota na shiga da damina? Wanda ke Tambuwal ko Dogon Daji a bakin titin Sakkwato zuwa Jega zai iya fitar da kaya cikin yini, na ƙauyen da ruwa ke yankewa kuwa sai ya yi tanadin abinci da magani tun kafin Agusta. In damina ta yi gardama masara ta hau, kana da ajiya? Kuma kuɗin da ka zuba, naka ne ko bashi ne?

YADDA ZA KA YI LISSAFI

Ka ba tambaya ta 1 da ta 2 maki daga 1 zuwa 3, inda 3 ke nufin haɗari sosai. Ta 3 kuma, in ba ka da madogara ko ɗaya, sa 3. Haɗa su. In ka samu 3 ko 4, bismillah. In 5 ko 6 ne, gyara kafin ka fara. In ya kai 7, canza wuri ko canza tsari. Da na yi wa kandamina wannan lissafi daga baya, 8 na samu.

Gyaran ba dole ya ci kuɗi da yawa ba. Ɗaga bakin kandami ka kewaye shi da raga. Tsara zubi yadda za ka kwashe kifi kafin ruwa ya yi ƙarfi. Ɗakin kaji tsawonsa ya bi gabas da yamma, a shimfiɗa ciyawa ko zana a kan kwano, a rage yawan kaji da bazara, a ba su abinci da sassafe da yamma, ruwa mai sanyi kuma kada ya yanke. Shuka dogonyaro gefen yamma. Sannan kada ka zuba jarinka duka a zubi ɗaya, ka bar abin da za ka sake farawa da shi.

Aikin gida: wannan makon kowa ya je filinsa tare da dattijo ɗaya na unguwar, ya cike tambayoyin nan uku. A darasi na gaba in sha Allah za mu kwatanta tankin siminti da na tampol da kandamin ƙasa. Allah ya tsare mana dukiyoyinmu, ya sa albarka a kiwo.